Shekara Huɗu Ina Ɓoye Magani a Kunun Inna

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina bin labaran mutane a wannan shafi, wasu in tausaya musu, wasu kuma in ce a raina ni dai ba zan taɓa yin wannan wautar ba. To yau ga ni da tawa. A shekarar dubu biyu da uku, lokacin da abin ya fara, ina da shekara talatin da ɗaya, da aurena da 'ya'ya uku, muna zaune a Samaru ta Zariya. Ina da ɗan shago a kasuwar Sabon Gari inda nake sayar da atamfa da leshi da shadda. Ni ce babba a ɗakinmu. Bayana akwai ƙanena, malamin makaranta da ke zaune a Hanwa, sai autarmu wadda ba ta daɗe da tarewa a Bomo ba. Mutane suna yabona da cewa ba ni da raki, ba a jin kukana, kuma ni ma ina ji da kaina a kan haka. In abu ya taso a dangi, kafin a gama tambayar wa zai yi, na riga na ci ɗamara. Wannan halin ne ya kusa kai ni kabari, ya kuma jawo wa mahaifiyata abin da har yau nake nadamarsa.

Kwana uku kafin Baba ya rasu, bayan sallar la'asar, ya sa kowa ya fita daga ɗakin ya bar ni. Ya ce in buɗe akwatinsa in ɗauko wani tsohon gwangwanin madara. A ciki akwai katin asibiti da ƙwayoyin magani. A nan ya gaya mini cewa Inna tana da taɓin hankali tun bayan haihuwar autarmu. Sai na tuna lokacin da aka kwashe mu aka kai gidan kakarmu muka yi watanni, ba wanda ya faɗa mana dalili. Ya ce da aka sallamo ta daga asibiti ta ƙi shan magani, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, shi ne ya fara daka mata ƙwayar yana zubawa a kununta kowace safiya. In zai kai ta ganin likita sai ya ce awon hawan jini ne, tunda da ma tana da shi. Fiye da shekara ashirin yana haka, ba wanda ya sani. Ya kama hannuna ya ce in rufa wa uwata asiri, kada in bari ta zama abin nuni a gari. Na yi masa alkawari ina kuka. A fahimtata ta wannan rana, rufin asiri na nufin kada kowa ya ji, ko mijina, ko ƙannena da muka sha nono ɗaya.

Lokacin takaba Inna tana gidan Baba a Sabon Gari, don haka kullum sai in dama kunu a gida, in zuba a fulas, in kai mata kafin in buɗe shago. Da ta fita takaba, ƙanena ya ce ta koma wurinsa, tunda shi ne namiji. Na tayar da ƙayar baya. Na ce matarsa yarinya ce, na ce gidansa akwai hawa, na kawo dalilai har da waɗanda ni kaina ban yarda da su ba, sai da ya gaji ya bar mini. Haka Inna ta dawo Samaru. Kowace safiya in kulle kaina a ɗaki, in murƙushe ƙwaya da bayan cokali, in juye a kunun tsamiya don tsamin ya danne ɗacin. Sannan in tsaya a kanta har ta shanye. Wahalar ita ce Inna ba ta iya cin abu ita kaɗai. Da jikanta ya gifta sai ta miƙa masa kofin, ni kuwa in zabura kamar na taka garwashi, in daka wa yaron tsawa. Yaran suka ɗauka rowa ce kawai irin tawa. Kuma duk da maganin akwai ranakun da takan wuni ba ta ce uffan ba, ko ta zauna tana magana ƙasa-ƙasa da wanda ba ma gani. In mijina ya tambaya sai in ce kewar Baba ce.

Shekara huɗu ban kwana a wani gida ba. An yi bikin ƙanwar mijina a Kano, na je da safe na dawo da yamma, dangin miji suka ce girman kai ya kama ni tunda na yi shago. Ban musa ba, don gara a ce mini mai girman kai da a ce da uwata mahaukaciya. Kaina kuwa ba ya daina sarawa, ina haɗiyar maganin ciwon kai kamar gyaɗa. A shago sai ina cikin auna wa mutum yadi in tsaya cak, ina tambayar kaina shin na zuba yau ko ban zuba ba. Akwai ranar da na bar mai saye a tsaye, na hau mota har Samaru don in duba gwangwanin, na tarar na zuba. Na zama mafaɗaciya. 'Yata ta fari ta taɓa fasa kofin Inna, na yi mata dukan da bai dace da laifin ba, daga baya na shiga banɗaki na yi ta kuka. Likitan da ke duba Inna a asibitin Shika, duk zuwan da muka yi sai ya keɓe ni ya ce ɓoye magani a abinci ba hanya ba ce mai ɗorewa, in zo da wani ɗan'uwa a zauna a yi magana. In ce masa to, sai zuwa na gaba. Yakan ce ni ma in bari a auna jinina, in ce ina sauri, kasuwa na jirana.

Abin da ya fi ci mini rai a shekarun nan shi ne lokacin da autarmu ta yi haihuwar fari. Gidana ɗaki biyu ne, ba wurin da mai jego za ta zauna, sai mijinta ya roƙa a ba su Inna ta je Bomo ta yi mata wanka har arba'in. Inna ta yi murnar da na daɗe ban gani ba. Ta sa aka sayo mata kanwa da kayan yaji, ta ɗaure ƙunshin kayanta tun kafin suna. Ni kuwa lissafina ɗaya ne: kwana arba'in, wa zai zuba magani? Na ce ba inda za ta je. Autarmu ta yi kuka, ta ce na mallake musu uwa, ta tambaye ni ko ita tsintacciya ce. Na ce ta faɗi duk abin da ta ga dama. Wata tsohuwa a unguwarsu ce ta yi mata wankan. Inna ta kwance ƙunshinta ta mayar da zannuwan cikin jaka ɗaya bayan ɗaya. Autarmu ta yi wata takwas ba ta taka gidana ba.

Mutum ɗaya ce ta gano ni, maƙwabciyata a kasuwa. 'Yar ƙabilar Ibo ce mai sayar da takalma da jakunkuna, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta har ta fi tawa daɗi. Ta daɗe tana tsokanata wai ko injin niƙa ana kashe shi ya huce, ni ce kawai ba a kashewa. Wata rana katin Inna ya faɗo daga jakata, ta ɗauka ta miƙo mini, ta ga sashen da aka rubuta. Da kasuwa ta lafa ta jawo kujera kusa da ni, ta ce ƙanen mijinta ma can ake kai shi. Ta ce su huɗu ne suke karɓa-karɓa, kowa da makonsa, kuma duk da haka in makonta ya ƙare ji take kamar an yi mata duka. Ta tambaye ni mu nawa ne. Maimakon in gode mata, sai na haɗe rai na ce katin na wata tsohuwa ce a layinmu. Ta dube ni ta ce to Allah ya ba tsohuwar lafiya, ya kuma ba mai ɗauke da ita hankali. Na ji haushi sosai, na yi kwana biyu ban gaishe ta ba.

A daminar dubu biyu da bakwai, wata ranar Alhamis da hantsi, ina ware wa wata mata leshi sai hannuna na dama ya saki. Na buɗe baki in ce a riƙe ni, na ji harshena ya yi nauyi. Maƙwabciyar nan tawa da na yi wa gaba ita ce ta bar shagonta a buɗe ta nemo mota ta kai ni Shika. Aka ce jinina ne ya hau har ya taɓa ɓarin jikina. Kwana shida ina kallon mutane, ina jin duk abin da suke faɗa, amma ba na iya haɗa kalma biyu. Autarmu ta zo da goyonta, ta manta da duk abin da ya shiga tsakaninmu, ta ce in kwantar da hankalina, ta tafi da Inna Bomo. Na yi ta girgiza kai ina gurnani, suka ɗauka ciwo ne ke cina. Gwangwanin yana can ƙasan akwatina a kulle, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa.

Ga inda laifina na gaske yake, kuma shi ya sa na rubuto. A rana ta bakwai bakina ya buɗe. Ƙanena yana zaune a gefen gado yana ɓare mini lemo. Na tambaye shi Inna, ya ce lafiyarta ƙalau, tana can tana fama da jikanta, har ƙiba ta yi. Maganar ta zo har kan harshena. Da na faɗa a lokacin, da ba abin da ya faru. Amma na tuna hannun Baba a kan nawa, na kuma tuna cewa in na faɗa dole in amsa tambayar me ya sa na ɓoye shekara huɗu. Na ce a raina ai jibi za a sallame ni, kwana biyu ba za su yi komai ba. Na karɓi lemon na sha. Ba a sallame ni jibi ba. Jinin ya ƙi sauka, aka riƙe ni fiye da mako uku a kan haka, kuma kowace safiya sai in ce gobe zan faɗa. Ba ciwo ne ya rufe mini baki ba a wannan karon, tsoro ne da taurin kai.

Sai na lura autarmu ta daina zuwa. Ƙanena in ya zo ba ya daɗewa, idanunsa jajir. Na tsare mijina na ce ya gaya mini gaskiya ko in cire ƙarin ruwan in fita da ƙafata. Shi ne ya faɗa. Inna ta fara da ƙin barci, sannan ta ƙi ruwan rijiyar gidan, ta ce ɗaliban da ke haya a ɗakunan waje suna zuba mata guba. Wata rana da tsakar rana ta fice ba mayafi ba takalmi. A bakin hanyar Samaru aka same ta tana ihu, jama'a sun yi mata zobe, wasu na dariya. Ƙannena ba su san komai ba game da ciwonta, don haka da maƙwabta suka ce iska ce ko sammu, suka yarda. Suka kai ta wurin wani mai magani a wani ƙauye. Ya sa mata mari a ƙafa, yana yi mata hayaƙi, yana zane ta da bulala wai aljanin yake duka. Ranar da mijina ke ba ni labari, kwananta tara a can.

Na ce a kira mini ƙanena. Da karkataccen bakina na gaya masa komai, tun daga gwangwanin har lemon da ya ɓare mini. Ya miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Ya tambaye ni ko ni kaɗai Inna ta haifa. Ya ce shi da ke koyar da 'ya'yan mutane, da ya ga katin nan ko sau ɗaya, zai ɗauki uwarsa da hannunsa ya kai a ɗaure ta kamar akuya? Ya ce shi ya riƙe ƙafarta aka sa marin, tana kiran sunansa tana roƙonsa. Daga nan ya fashe da kuka a gaban mata. Na gaya masa inda makullin akwatina yake. A ranar shi da mijina suka ɗauko katin, suka je ƙauyen suka kwance ta, suka kawo ta asibiti aka ba ta gado. Muna cikin asibiti ɗaya ni da ita, ba mai iya zuwa wurin wani.

A kan gadon nan na yanke shawara. Na ce in Allah ya tashe ni, ɓoye-ɓoye ya ƙare, ko da duk Zariya za ta ji. Na dage da gashin ƙafa da motsa jiki har masu jinya suna cewa in sassauta. Inna ta yi wata ɗaya da rabi kafin ta dawo hayyacinta. Da aka sallamo ta, na tara ƙannena a ɗakinta, na durƙusa na gaya mata abin da Baba ya yi shekara ashirin da wanda ni na ɗora. Na ɗauka za ta tsine mini. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika duban idona in za ta yi magana. Ranar ma sai Inna ta kalli autarmu, ta ce ai ta sani. Ta ce wace tsamiya ce za ta ɓoye wannan ɗacin. Da farko da gaske ta ƙi maganin, amma daga baya ta ga amfaninsa, sai dai kunya ta hana ta cewa a ba ta a hannu, ta bar Baba a kan dabararsa. Da ya rasu ta ji ɗacin bai yanke ba, ta gane wa ya bar wa. Ta ce safiyar farko a Bomo, kurɓa ɗaya ta yi ta san babu, amma ba ta san yadda za ta buɗi baki ta gaya wa auta cewa uwarta mai taɓin hankali ce ba. Sai ta zauna tana jiran in warke. Wato ni ina ɓoye mata, ita tana ɓoye mini, muka haɗu muka kai ta ga mari.

Yanzu shekara biyu ke nan. Inna tana shan ƙwayarta da ruwa, da hannunta, a gaban kowa. Wata ɗaya take yi a wurin kowannenmu: Samaru, Hanwa, Bomo. Mun yi hoton katin, kowane gida akwai ɗaya, kuma matar ƙanena da na raina ita ta fi mu duka tuna ranar asibiti. Mu ukun mun zauna da likita ya koya mana alamomin da za mu lura da su, musamman in barcinta ya fara raguwa. Bara ciwon ya so ya motsa, muka gane da wuri, aka gyara mata magani, ko kwana ɗaya ba ta yi a asibiti ba. Watan da ba ta wurina ina barci har rana ta fito, kuma na daina jin kunyar hakan. Ni da maƙwabciyata mukan zauna mu sauke wa juna abin da ke ranmu, ita da ƙanen mijinta, ni da uwata, wani lokaci har mu yi dariyar abin da ba na dariya ba. Masu gulma sun yi ta yi. Wata a dangi ta tare ni a gidan suna tana tausasa murya wai ta ji abin da ya sami Inna. Na ce ƙwarai, ciwo ne, tana kuma shan magani kamar yadda ke kike shan na suga. Ba zan ce komai ya koma daidai ba. Hannuna na dama har yau ba ya ɗaga bandir ɗin shadda, ƙanena ya yafe mini amma akwai ranakun da nake ganin abin a idonsa, tabon marin kuma yana nan a idon sawun Inna.

Na yi ta juya wasiyyar Baba a raina. Cewa ya yi in rufa mata asiri, bai ce in hana 'ya'yanta saninta ba. Ko da ma hakan yake nufi, Allah ya jiƙansa, ya yi kuskure, ni kuma na gaji kuskuren na ƙara masa da girman kai. Na ɗauka gajiyata ita ce shaidar ƙaunata, ina jin daɗin cewa ba mai iyawa sai ni. Don haka ke da ke jinyar uwa ko miji ko ɗa mai irin wannan ciwo, da kai da ke ɗauke da ɗan'uwa kai kaɗai, ina roƙonku ku ji daga bakin wadda ta gwada. Taɓin hankali ciwo ne mai tafiya da mutum shekaru, ba a yi masa jinyar mutum ɗaya. Ku huta tun jiki bai kayar da ku ba, ku bari a auna ku, ku karɓi hannun da aka miƙo ko da ba zai yi yadda kuke yi ba. Ba na cewa ku yi shela a kasuwa. Amma yau ɗin nan, kafin rana ta faɗi, ku kira mutum ɗaya a cikin 'yan'uwa, ku gaya masa sunan ciwon, ku nuna masa inda magani yake da yadda ake sha. Ni na ce sai gobe, kuma ba ni ce na ɗanɗana kuɗar goben ba, uwata ce aka ɗaure.